Rawar Hannun Barde Jatau

Mutanen Jankuka maƙera ne tun kaka da kakanni. Dutsen da ke arewa da birninsu cike yake da tama, kuma tsakanin gulbi da bakin hamada babu kasuwar da ba a san kaifin gatarinsu ba. Suna da ganuwa mai ƙofa huɗu, da rijiyoyin da ba sa ƙafewa, da rumbunan da gero ke shekara biyu a ciki. Abu biyu suka rasa a shekarar da wannan labari ya faru. Na farko, ba su da babba a kan gado. Sarki Nomau ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya guda, Kyallu, mai shekara goma sha ɗaya. Aka naɗa ta Magajiya, Galadima Maunde yana riƙe mata ƙasa har ta mallaki hankalinta. Na biyu kuwa ya fi wannan daɗewa, ya kuma fi wuyar gani: ba su da wurin ajiye tsoro. A Jankuka namiji yana iya cewa yunwa yake ji, ko zazzaɓi, ko ɗansa ya mutu, amma bai isa ya ce ya ji tsoro ba. Sun ɗauki zuciyar mutum kamar ƙarfen da suke ƙerawa. In ta lanƙwashe, to dama can da algus a cikinta.

Daga wannan ra'ayi ne al'adar kaskon shaida ta samo asali. Duk wanda ya kawo labarin yaƙi gaban majalisa, sai a cika wani tsohon kasko da ruwa har baki, a ɗora masa a tafin hannu biyu, a barbaɗa farar toka a ƙasa gabansa. Ya yi bayaninsa yana riƙe da kaskon. In ya gama tokar tana bushe, an karɓi maganarsa. In ko ɗigo ɗaya ya faɗa, maƙaryaci ne, gama a wurinsu hannun mai gaskiya ba ya rawa. Hukuncinsa kuwa sananne ne: a ɗaure shi kwana uku a jikin jar kukar da birnin ya ci sunanta, can bayan Ƙofar Gabas, ba ci ba sha, domin mai shiga da mai fita su ga ƙarshen ƙarya. Kada mu yi gaggawar yi musu dariya. Shekara da shekaru kaskon yana kama maƙaryata, domin mafi yawan masu ƙarya suna fargabar a gane su. Ba a dai taɓa samun wanda ya tsaya ya tambaya ko akwai wani abin da ke sa hannu rawa ban da ƙarya ba.

A ƙarshen bazarar nan, ana jiran ruwan shuka, Sarkin Dargaza, ƙasar da ke ƙetaren gulbi, ya aiko yana neman a sakar masa dutsen tama. Aka mayar masa da manzonsa hannu rabbana. Da labari ya zo cewa rundunarsa ta doso Mashigin Kada, inda ake ƙetare gulbin da ƙafa, sai majalisa ta tura Barde Jatau da dakaru ɗari huɗu su tare mashigin. Ubandawaki Soba, ɗan Galadima, ya bi baya da mutum ɗari biyu. Barde Jatau wan mahaifiyar Kyallu ne. Tun da uwarta ta rasu shi ke saɓa ta a kafaɗa ya zagaya da ita maƙera, yana faɗa mata sunan kowane ƙarfe. Yaƙi goma sha ɗaya ya yi, sau goma sha ɗaya ya riƙe kaskon, toka ba ta taɓa jiƙa a gabansa ba.

Kwana huɗu da fitarsu Ubandawaki ya dawo da mutanensa cif. Washegari da hantsi Barde ya shigo a ƙasa, da mutum goma sha tara.

Aka buga tambari, majalisa ta cika. Kyallu tana kan gadon mahaifinta, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, sai matashi aka sa mata ta taka. Galadima yana dama da ita. A hagu kuwa Iya Tabawa ce, babbar matan fada, tsohuwar ungozomar da ta yanke wa Kyallu cibiya. Magajin Kasko, wani dattijo mai tsananin kula da ƙa'ida, ya barbaɗa toka, ya cika kasko, ya fara miƙa wa Ubandawaki.

Soba ya karɓa kamar wanda aka miƙa wa fura. Ya ce, "Allah ya ba Magajiya nasara. Ina Tudun Giginya da mutanena, tafiyar rabin yini daga mashigi, kamar yadda aka umarce ni. Da rana ta take tsaka muka hango baƙin hadari ya sauka a kan gulbi, ba tsawa, ba iska. Can la'asar sai ga mutanen Barde suna fitowa ɗaya-ɗaya, ba garkuwa, ba mashi. Na tura 'yan leƙen asiri, ba su ga Badargaje ko ɗaya a gaɓarmu ba. Abin da idona ya gani ke nan. Abin da hankalina ya ba ni kuwa, hadari ne ya firgita runduna, wanda ya kamata ya tsayar da ita bai tsayar ba."

Magajin Kasko ya durƙusa ya duba tokar. Ya ce, "A bushe."

Sai aka kira Barde. Kyallu ba ta gane tafiyarsa ba da farko. Ya faɗi ya yi gaisuwa yadda ya kamata, amma idonsa yana kan ƙofar zaure, kuma da ya tashi sai ya matsa har bayansa ya taɓa bango. Ba ya da rauni sai wani ɗan yanka a kunne. Da aka ɗora masa kaskon, ruwan ya fara ƙananan da'irori tun bai buɗe baki ba.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, da rana ne. Rana tsaka, inuwar mutum tana ƙarƙashin ƙafarsa. Wani dakarena, Cindo, yana neman takalminsa. A'a, wannan daga baya ne."

Magajin Kasko ya ce, "A jere, Barde. Daga farko."

"Daga farko. To. Mun tsaya a gaɓarmu. Suna can gaɓarsu, sun fi mu sau biyar, ba su motsa ba. Wani tsoho ya fito cikinsu shi kaɗai, yana jan baƙin bunsuru, ya yanka shi a bakin ruwa. Sai duhu. Kowa ya san baduhu, na ɓarayi, wanda ke rufe ɗaki guda. Wannan ya rufe gulbi da gaɓa biyu. Ka ɗaga hannunka gaban idonka, babu. Sai wani cikinmu ya yi ihu wai sun shigo. Kowa ya zare takobi."

Ruwan yana lasar bakin kaskon yana komawa. Kyallu ta ga yadda jijiyoyin hannunsa suka tashi, yana danne su da dukan ƙarfinsa, kamar mai riƙe da doki mai tutsu.

"Ba su shigo ba, ranki ya daɗe. Suna can tsaye suna saurare. Mu muka yi musu aikin. Na sari mutum, ya kira ni da sunana."

A daidai nan wani maƙeri a bayan fada, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya sauke masaba a kan uwar maƙera. Ƙara ce da kowane ɗan Jankuka yake ji tun yana goye. Amma Barde Jatau ya zabura, ya durƙushe, ya sa kafaɗa ya kare kansa. Rabin ruwan ya tafi kan toka.

Sai aka ji dariya, kuma daga bakin Barde take fitowa.

"Cindo ne," in ji shi, yana dariyar. "Da haske ya dawo na gan shi yana rarrafe, hannu ɗaya babu, yana tambayata ko na ga takalminsa. Wai sabo ne, matarsa za ta yi faɗa." Dariyar ta ƙi tsayawa. Hawaye yana bin gemunsa, yana toshe baki da hannu, tana fitowa ta hanci.

Galadima Maunde ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi sai ran naɗi. Ya ce, "Ya Magajiyar Jankuka, jikar masu hura wuta, kin gani da idonki. Mutum ɗari huɗu aka ba shi, 'ya'yan mutane, ya dawo da goma sha tara, yana dariya a gaban iyayensu. Ya rasa abin da zai rufe kunyarsa da shi sai tatsuniyar bunsuru. Kaskon kakanninmu ya amsa masa."

Iya Tabawa ta ce, "Galadima, in yi magana?"

"Iya ba ta neman izini."

"Na karɓi haihuwa fiye da gashin kanka. Akan sami macen da in ɗa ya faɗo sai jikinta ya kama ɓari, haƙora suna haɗuwa, wata ma dariya take yi. Ban taɓa cewa ƙaryar naƙuda ta yi ba. Wadda ba ta ɓari ita ce maƙwabciya, mai leƙe daga bayan zana." Ta juya ta dubi Soba. "Ɗana Ubandawaki bai yi ƙarya ba. Hannunsa bai ga abin da zai sa shi rawa ba ne kawai."

Wani daga ƙarshen zaure ya yi ɗan tari don ya ɓoye dariya. Fuskar Soba ta yi duhu.

Galadima ya ce, "Iya, fada ba ɗakin haihuwa ba ce. Ki auna abin da kike nema. In maganar Barde gaskiya ce, sai mu rufe ƙofofi, mu kwaso ƙauyuka cikin ganuwa, mu bar dutsen tama, mu bar gonaki ga shi ruwan shuka yana kan hanya. Mu zauna kamar kaji a akurki saboda mutum guda ya ga duhu. In kuwa ƙarya ce, Ubandawaki ya ɗauki ɗari shida gobe ya kama mashigi tun Dargazawa ba su ƙetaro ba. Da me za mu raba tsakanin biyun? Da ra'ayin Iya, ko da abin da aka gada?"

"Ku tambayi sha taran da suka dawo."

Magajin Kasko ya girgiza kai da sauri. Ya ce, "Ba a ba wa na ƙasa kasko bayan ya ƙaryata shugabansu. Ba a taɓa yi ba. Kuma toka guda ake barbaɗawa a zama guda." Yana magana yana gyara bakin tabarmarsa, yana sake gyarawa, alhali a miƙe take.

Kyallu ta bi fuskokinsu da kallo. Ta ga Sarkin Maƙera, wanda 'ya'yansa biyu ba su dawo ba, yana gyaɗa kai da ƙarfi ga kowace kalmar Galadima. Ta ga wasu ba sa duban inda Barde yake ko kaɗan, kamar mai ciwon da ake ɗauka. Yarinya ce, ba ta da sunan da za ta ba abin da take gani. Amma mu da muke nesa muna iya faɗa: in Barde gaskiya ya faɗa, to 'ya'yansu sun mutu ne a hannun juna, kuma abin da ya cinye ɗari huɗu yana tafe. In ƙarya ya yi, laifin mutum guda ne, ana iya ɗaure shi a jikin itace a huta.

Galadima ya sunkuyo ya rage murya. "Ranki ya daɗe, hukunci daga bakinki yake fita. Kalma uku ce. An koya miki."

Ta dubi kawunta. Dariyar ta sake shi, yana zaune dirshan a kan jiƙaƙƙiyar toka, hannayensa a cinya suna ta rawa su kaɗai, yana kallonsu kamar na wani. Ta so ta ce a'a. Ta shirya kalmar a bakinta. Amma sai muryoyin zauren suka yi mata nisa kamar daga cikin rijiya, ta sami kanta tana ƙirga jajayen zaren da ke bakin matashin da take takawa, ta kai goma sha huɗu, ta koma farko. Fitsari ya matse ta. Abin da take so a duniya kawai shi ne idanun nan su sauka daga kanta.

Ta ji wata murya ƙarama ta ce, "A kai kuka." Sai daga baya ta gane tata ce.

Da dogarai suka ɗaga shi bai yi gardama ba. A bakin ƙofa ya waiwayo, ya manta da sarauta, ya ce, "Kyallu, kin ci abinci kuwa?" Aka fita da shi.

Washegari Soba ya fita da ɗari shida ta Ƙofar Gabas. Sun wuce ta gaban kukar. Wasu sun tofa miyau, wasu sun kau da kai. Barde yana ta kiran su da sunayensu, yana cewa in duhu ya zo kada kowa ya zare, amma masu ganga suna gaba, ba wanda ya ji ƙarshen maganar. Kyallu kuwa ta ci abinci ranar, ta ci har sau uku, ta rasa dalilin da ya sa ba ta ƙoshi, ta kuma ji kunyar kanta.

A rana ta uku, wadda da faɗuwarta za a kwance Barde, aka ga abubuwa tun da safe. Ungulayen mahauta suka tashi gaba ɗaya suka yi yamma. Kaji suka koma akurkinsu da hantsi. Kafin rana ta take sai ga dawakai bakwai sun iso Ƙofar Gabas da sirdi ba mahaya. Galadima ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗun na ɗansa ne. Ya ba da umarni a rufe ƙofofi, a fito da duk wanda ke iya ɗaga mashi, tsofaffi da maƙera da masu zuga, a jera su a kan ganuwa.

Kyallu ta hau tare da Iya. Daga can ta hango kukar, nisan harbin kibiya daga ƙofa, da kawunta a jikinta, kansa a sunkuye.

Ta ce, "Baba Galadima, a shigo da shi."

"Sai faɗuwar rana, ranki ya daɗe. Kwana uku ne."

"Ni na ce a kai shi. Yanzu na ce a shigo da shi."

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya yana kallon gabas. Daga bayan gonaki wani abu yana tahowa a ƙasa, baƙi ƙirin, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ba ya kaɗawa kamar hadari. Ya haɗiye giginyun nesa, ya haɗiye hanya, ya haɗiye kukar. Sanyi ya taɓa fuskar Kyallu. Ta ɗaga hannunta gaban idonta, babu.

Da farko ba a ji komai ba sai numfashi. Sai can wajen kudu wani ya kurma ihu, "Sun hau! Ga su nan, sun hau!" Aka ji takubba suna fita daga kube, ɗaya, goma, hamsin. Wani ya yi ƙara ya faɗa ta ciki. Kusa da ita Kyallu ta ji muryar Galadima, wata irin murya siririya da ba ta san shi da ita ba, yana cewa, "Ina sandata? Wa ya ga sandata? Yanzu tana hannuna." Ya yi ta maimaitawa, ba ya ba da umarnin komai.

Sai wata murya ta taso daga waje, daga ƙasa, a shaƙe saboda ƙishirwar kwana uku.

"Jankuka! Ku zauna! Ku zauna ƙasa!"

Ba irin muryar da maroƙa ke ba jarumai ba ce. Tana karyewa a tsakiya, tana rawa, kuma duk mai kunne ya ji cewa mai ita kuka yake yi.

"Ba su hau ba! Su ma ba sa gani! Ku ajiye ƙarfe! Kowa ya kama ƙafar na kusa da shi ya faɗi sunansa! Don Allah ku zauna, na roƙe ku, na gani, na gani!"

Wani ya ce, "Maƙaryacin nan ne." Ƙarar ƙarfe ba ta tsaya ba.

Kyallu ta so ta yi magana, harshenta ya manne. Iya Tabawa ta laluba a duhu ta kama naman cinyarta ta murɗe, murɗar da ba ta taɓa yi mata ba. Ta ce a kunnenta, "Buɗe bakin nan, 'yar nan. Kuka ma ya isa, muddin su ji."

Ta buɗe. Abin da ya fito rabi ihu ne rabi kuka. "Magajiya ce! Ku yi abin da Barde ya ce! Ku zauna!"

Sarkin Maƙera ne ya fara. Aka ji ya yar da masabarsa, ya zauna da nauyinsa, ya ce da ƙarfi, "Gwanki ne, Sarkin Maƙera. Wa na kama?"

"Tanko ne, mai zuga. Sassauta, Baba, ba ƙarfe ba ce."

"Mayau ne, na Unguwar Rini."

"Kai Mayau, cika min wando, ƙafar tana ƙasa."

Sunaye suka bi ganuwa kamar wuta a ciyawa, daga gabas zuwa kudu, daga kudu zuwa yamma, har suka zagayo. Wasu suna faɗin nasu suna shessheƙa. Wani tsoho ya manta sunansa ɗungurungum, ya ce shi dai mijin Lanti ne, aka karɓa. Wani ya yi amai a bayan ɗan'uwansa, ya sha zagi, ba a sare shi ba. Duk wannan lokaci muryar da ke waje ba ta daina ba, tana cewa su daure, duhun ba ya wuce dahuwar tuwo, kada kowa ya tashi, in haske ya dawo 'yan baka su duba gindin ganuwa tukuna.

Dargazawa suna nan cikin gonaki da tsanukansu, suna jiran ƙarar da suka ji sau biyu a mashigi. Ba su ji ta ba. Abin da suka ji murya ce guda, kusa da su, tana lalata musu aiki. Ba sa ganinsa, amma kibiya ba ta buƙatar ido in akwai sauti. Kyallu ta ji shuuu, sau da yawa, da ƙarar itace yana karɓa. Kawunta yana cikin cewa, "Kada kowa ya tas..." Bai ƙarasa ba.

Ba wanda ya tashi.

Haske ya dawo gaba ɗaya, kamar an yaye mayafi. Dargazawa sun riga sun matso da tsanuka, suna tsammanin ganuwar da gawawwaki suka cika. Suka ɗaga kai suka ga mutum a kowane taƙi, a zaune, rai da lafiya, baka a gefe. Abin da ya biyo baya bai daɗe ba. 'Yan baka suka duba gindin ganuwa tukuna, kamar yadda aka ce musu. Maƙera suka juye garwashi da narkakken kashin tama a kan masu tsani. Tsohon mai bunsuru yana tsakiyar fili a durƙushe, aikin ya zuƙe shi, ba ya iya ko miƙewa, mutanensa suka tattake shi wajen gudu. Kafin la'asar ba sauran Badargaje a wannan gefen gulbi sai wanda ba zai sake tashi ba. A kan ganuwa mutum uku kawai aka rasa, su ma a farkon duhun, a hannun maƙwabtansu.

Aka kwance Barde Jatau daga kukar rana tana sauran tsayin mashi biyu kafin ta faɗi. Magajin Kasko ya fara cewa lokaci bai cika ba, Iya ta dube shi, ya haɗiye sauran. Kibiya tara aka zare.

Aka shimfiɗe shi a ƙofar fada, gari ya taru. Daga ɗari shidan Soba mutum arba'in da 'yan kai ne suka lallaɓo daga daji, ba Soba a cikinsu, kuma ba wanda ya nemi su yi bayani. Galadima ya sami sandarsa. Muryarsa ta dawo daidai, rawaninsa a naɗe tsaf, yana ta tsara wanda zai tsaya a ina, yana mai da mutum baya saboda ya wuce na gaba da shi da taki ɗaya. Kyallu tana tsaye kan gawar. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ta lura cewa an ɗaure masa haɓa a karkace, abin ya dame ta ƙwarai, ta durƙusa ta gyara.

Galadima ya kira Sankira, maroƙin fada, ya ce, "Ka ba shi kirarin da ya dace. Jikokinmu su san wanda ya tsaya shi kaɗai gaban rundunar Dargaza."

Sankira ya gyara murya ya ɗaga hannu. "Jatau, uwar maƙera, sha duka ba ki motsi! Namijin da duhu ya gani ya kauce! Tun da aka haife shi gabansa bai taɓa faɗuwa ba!"

Taro ya amsa da guɗa. Sarkin Maƙera yana hawaye yana gyaɗa kai.

Kyallu ta ce, "Ba haka ba ne."

Galadima ya sunkuyo. "Ranki ya daɗe?"

"Ya ji tsoro. Kuka yake yi yana kiranmu. Kowa ya ji. Kai ma ka ji, Baba Galadima, kana kusa da ni."

Ya dube ta. Leɓensa na ƙasa ya motsa kaɗan, ya danne shi da haƙori. Sannan ya ce a hankali, da ladabin da ya kamata, "Ba a faɗin haka a kan gwarzo, ranki ya daɗe. Za ki gane in kin girma." Ya ɗaga wa Sankira hannu ya ci gaba.

Iya Tabawa ta dafa kafaɗarta.

Yarinyar ba ta jira girma ba. Abin da ta gane a wurin ɗan kaɗan ne, kuma a fili yake: kawunta ya ji tsoro tun daga farko har ƙarshe, gaskiya kuma ya faɗa, kuma mutanen da ya ceta sun gwammace su binne shi da su yarda cewa duka biyun suna zama a jikin mutum guda.